An jera min wuraren da sunka fi dacewa in yi ritaya, ga yadda na ga aikin nasu

Assalamu alaikum jama'a. Saura min wata goma sha huɗu in ajiye aiki, shekara 35 za su cika cif in Allah ya kai mu, kuma tun da wanga lissafi ya fara matsowa tambaya ɗaya ce ke hana ni barci, wato ina zan zauna. Ni ɗan Argungu ne amma aikin gwamnatin tarayya ya yi yawo da ni, Ilori, Kaduna, Abuja, sai yanzu anka maido ni Birnin Kebbi inda nake haya a Gesse. Ɗiyata ta fari da ke aure a Abuja ita ta ga tunanin ya yi min yawa, ta kira ni ta ce Baba akwai wani kamfani a intanet da ke yi wa mutane irin wanga aiki, za ka cika fom su duba su gaya maka ƙasa ko garin da ya fi dacewa da kai. Ta biya naira dubu 25 daga aljihunta, Allah ya yi mata albarka. Ba zan kama sunan kamfanin ba don ba tozarta kowa na zo yi ba, amma na san akwai abokan aiki da yawa da ke bakin ƙofar ritaya kamar ni, to gara in faɗi abin da na gani kafin wani ya zuba kuɗinsa.

Bari in fara da alherinsu don kar a ce ban yi adalci ba. Fom ɗin yana buɗewa a waya ba wahala ko da netiwok ya yi rauni, tambayoyi kusan talatin ne, kuma cikin kwana biyu sakamakon ya shigo imel ɗina, shafi 18, an tsara shi da kyau da hotuna da taswira. Wasu tambayoyin wallahi sun tashe ni daga barci. Sun tambayi ciwon da nake fama da shi, na rubuta hawan jini. Sun tambayi minti nawa zan iya jurewa tsakanin gidana da babban asibiti, sun tambayi ko gidan da nake son zama yana da bene, don ƙafar ɗan shekara 60 ba ita ce ta ɗan shekara 75 ba. Ni da nake mafarkin ɗora bene a filina na Argungu sai na yi shiru na daɗe ina kallon tambayar. Wannan kaɗai ya amfane ni kuma na gode musu.

Amma tun a fom ɗin na fara jin cewa ba da irina anka yi wanga tsari ba. Wurin iyali zaɓi biyu kawai sunka bayar, ko kai kaɗai ko kai da matarka. To ni ina zan sa yara uku da ke makaranta har yanzu, ina zan sa tsohuwata da ta haura 80, ina zan sa marayu biyu na ƙanena da ya rasu waɗanda ke hannuna? An tambaye ni ko ina son zama kusa da bakin teku da filin wasan golf, ba a tambaye ni ko ina da gona ba, ba a tambayi masallaci ba sai dai wani layi guda na addini da na zaɓi Musulunci, ba a tambayi zumunci ba kwata-kwata. Mutumin da ke cikin kan mai fom ɗin wani ne da ya gama da kowa, ya sayar da gida, ya ɗauki jaka shi da matarsa za su tafi inda rana ke da daɗi. Mu a nan ranar da ka ajiye aiki ita ce ranar da dangi ke cewa alhamdulillahi yanzu ya samu lokacinmu.

Sakamakon ya zo kashi biyu, na ƙasashen waje da na cikin gida. A na waje Malesiya ce ta ɗaya, ina jin don na zaɓi Musulunci ne, sai Fotugal, sai Panama. Kowace an ba ta maki har da ɗigo, ka ga 87.4 ka ga 85.9, abin ya yi kama da sakamakon jarrabawa har mutum ya ji kunyar musawa. Sai na ɗauki biro. Panama tana da bizar 'yan fansho da sunke kira Pensionado, sharaɗinta mutum ya nuna yana karɓar fanshon dala 1,000 duk wata har ƙarshen rayuwarsa. A 2024 dala ta haura naira 1,500, ke nan ana maganar sama da naira miliyan ɗaya da rabi a wata. Jama'a ma'aikaci nawa ne a Kebbi ke ɗaukar haka yana kan aiki balle bayan ya ajiye? Kuma fa na rubuta musu abin da nake sa ran samu a wata da naira, ƙarara, sun gani. Na Malesiya ya fi ba ni haushi, rahoton ya ce mai neman bizar zama sai ya nuna yana samun ringit 10,000, wato kuɗin ƙasar, a wata, alhali tun 2021 gwamnatin ƙasar ta ɗaga shi zuwa 40,000, daga baya ma ta sake sauya tsarin gaba ɗaya. Tsohon lissafi sunka kwafo sunka sa masa sabuwar riga. Fotugal ma haka, sun yi ta yabon rangwamen harajin da ake yi wa baƙi, tsarin da anka fara a 2009, ba su faɗi cewa an rufe ƙofarsa ga sabbin masu nema daga 2024 ba. Wanda ya dogara da wanga takarda ya sayar da gonar gado fa, wa zai kama?

Daga nan ne na ce sai na ga inda sunke samo waɗannan lambobi, na sayi data na zauna dare uku ina karatu, ɗana na jami'a yana taya ni. Ashe akwai manyan masu wanga sana'a a duniya kuma kowa da nasa jerin. Akwai mujallar International Living da ke fitar da nata duk farkon shekara. Ku duba yadda ta kasance: 2019 Panama, 2020 Fotugal, 2021 Kosta Rika, 2022 Panama, 2023 Fotugal, 2024 Kosta Rika, 2025 Panama kuma. Ƙasashe uku sunka yi ta karɓa-karɓa a waɗannan shekaru. Ba na cewa ƙarya sunke yi, suna da wakilai da ke zaune a ƙasashen suna aiko musu da bayani, kuma ga Ba'amurke mai fansho da dala wataƙila ko wacce ya zaɓa cikin ukun ba zai yi nadama ba. Amma tambayata ita ce, wanda ya kwashe kayansa a 2023 ya tafi Fotugal don ita ce ta ɗaya, da 2024 ta zo sai ya sake ɗaure kaya? Wurin da za ka ƙare rayuwarka ba gasar ƙwallo ba ce da ake sauya zakara duk shekara.

Abin da ya buɗe min ido gaba ɗaya shi ne jerin jihohin Amurka. A 2024 kamfanin WalletHub ya ce Filorida ce ta fi kowace jiha dacewa da ɗan ritaya, a shekarar dai Bankrate ya ce Delawaya ce, alhali shi Bankrate ɗin a 2023 Ayowa ya ce. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, amsa daban-daban. Da na duba dalili sai na ga ai kowa da mudunsa. Bankrate ya bayyana nasa na 2024 a fili, kuma na yaba masa a kan haka: sauƙin rayuwa kashi 40, walwala kashi 25, kiwon lafiya kashi 20, yanayi kashi 10, laifuka kashi 5. Kashi biyar! Ku je Danko-Wasagu ku ce wa dattijo tsaro kashi biyar ne cikin ɗari na abin da zai duba kafin ya zaɓi wurin zama, ku ji amsar da zai ba ku. Su can wataƙila haka ya dace da su, ban musa ba. Amma ka ga ke nan duk makin nan mai ɗigo ba daga sama ya faɗo ba, wani ne ya zauna a ofis ya ce wanga abu zai ci kashi kaza, wancan kashi kaza, in ya juya mudun gobe sai ta ɗaya ta koma ta goma ba tare da ko bulo ɗaya ya motsa a garin ba.

Akwai kuma wani ruɗani da kamfanin namu ya yi, ya haɗa jeri iri biyu da ba abu ɗaya sunke aunawa ba. Jerin wani kamfani mai suna Natixis misali ƙasashe 44 yake dubawa, Najeriya ba ta ciki, kuma Norwe ce ta zo ta ɗaya a 2022 da 2023. Shi wanga yana auna yadda ƙasa ke riƙe tsofaffinta ne, 'yan ƙasa da sunka yi mata aiki. Haka na kamfanin Mercer da ke auna tsarin fansho, inda Holan ke kan gaba a 2023 da 2024. Ba wai suna cewa kai baƙo ka taso ka zo ba ne. A rahotona an ɗebo daga nan an ɗebo daga can an gauraya, ba a faɗi ko daga ina ba, ba a faɗi mudun da anka auna da shi ba. Wannan shi ne babban laifin da na gani.

To sashen cikin gida fa, wanda shi ne ainihin abin da ya kai mu. Jos ta ɗaya saboda sanyi, Abuja ta biyu, Ibadan ta uku, sai wasu garuruwan kudu. Kuɗin haya da na abinci da sunka rubuta duk wanda ke zuwa kasuwa ya san na kafin 29 ga Mayu 2023 ne, kafin a cire tallafin mai, ɗiyata da ta gani ta ce Baba wanga kuɗin ko ɗaki ɗaya ba zai kama maka a unguwarmu ba. Birnin Kebbi babu, Sakkwato babu, Gusau babu, duk arewa maso yamma layi ɗaya anka ba ta, wai ba a ba da shawara ba saboda matsalar tsaro. Ni ba zan ɓoye ciwonmu ba. Mun ga abin da ya faru da ɗaliban Birnin Yauri a 2021, mun ga harin Mera a ƙaramar hukumar Augie a 2024 wanda nan kusa da mu ne, zuciya ba ta manta ba. Amma jiha mai ƙananan hukumomi 21 ba a yi mata kuɗin goro, wanda ke Badariya ko Bayan Kara da wanda ke ƙauyen bakin daji ba hali ɗaya sunke ciki ba, kuma ita Jos ɗin da sunka ɗora a sama ta sha nata rikicin a 2001 da 2008 da 2010 amma ko kalma ɗaya rahoton bai faɗa ba. In za a auna a auna kowa da mudu ɗaya mana.

Na rubuta musu ta WhatsApp na lissafa kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana uku wata yarinya ta amsa cikin ladabi, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba, ta ce rahoton shawara ce kawai kuma ba a maida kuɗi, za ta miƙa ƙorafina gaba. Sai ta ƙara da cewa in ina so za su haɗa ni da wakilinsu mai harkar biza da gidaje a waje, da rangwame. A nan na fahimci inda kasuwar take, a nawa ganin dai dubu 25 ɗin ƙofar shago ce kawai, hajar tana ciki. Mai son sayar maka da tafiya kuwa da wuya ya ce maka zauna gida.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi Argungu wurin Yayana, shi ya yi ritaya shekara shida da sunka wuce. Na nuna masa takardar a waya, ya sa tabarau ya daɗe yana ja da yatsa, sai ya miƙo min ya ce ƙanena, tambaya ɗaya ba su yi maka ba, in ka faɗi ƙarfe biyu na dare mutum nawa ne za su fito ba tare da ka biya su ba? Na ce Yaya a nan ko a Birnin Kebbi? Ya ce ƙirga duka. Na ƙirga. A Argungu na kai goma sha ban gama ba, a Birnin Kebbi huɗu, a Abuja ɗiyata da mijinta, a Jos ba kowa. Ya ce kuma kar ka manta, tsakanin ranar da albashi zai tsaya da ranar da fansho zai fara akwai rami, ni na yi wata da watanni a cikinsa, shinkafar fadamata ce ta riƙe gidan nan, da a gidan haya nake a wani gari da ban san yadda zan yi ba. Wannan magana ta shige ni sosai don gaskiya ce da kowane ma'aikaci ya sani. Dokar fansho ta 2014 ta ce ana cire kashi 8 daga albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki ya ƙara kashi 10, a tara a asusunka, ranar ritaya a ba ka wani kaso a dunƙule saura a riƙa ba ka wata-wata. Da naira ake ba ka, ba ya tashi don buhun masara ya tashi. Duk jerin da bai fara daga nan ba to ba da mu yake ba.

Da na dawo gida sai na ce bari mu yi namu jerin ni da uwargida. Munka ɗauki takarda munka rubuta garuruwa huɗu, Birnin Kebbi, Argungu, Yauri inda danginta sunke, da Abuja don ɗiyarmu. Munka rubuta abubuwan dubawa: asibiti, tsaro, dangi, gona, makarantar yara, haya, ruwa da wuta, zafi. Kowa ya raba kashi ɗari yadda ya ga dama ba tare da ya leƙa na ɗan'uwansa ba. Ita ta ba asibiti kashi 35 don ita ke ganin yadda jinina ke hawa, ta ba makarantar yara 20, sai Birnin Kebbi ta fito mata ta ɗaya, ga asibitin Sir Yahaya ga babban asibitin tarayya, ga jami'a a Kalgo ba nisa. Ni na ba dangi da gona rabin makin sai Argungu ta fito min ta ɗaya da rata mai yawa. Gida ɗaya, shekara 31 da aure, garuruwan nan dai guda huɗu, amma amsa biyu. Na ce Hajiya kin ga abin da ya faru tsakanin kamfanonin Amurka ke nan. Ta ce to ai nawa mudun ya fi gaskiya, gona ba ta auna jini. Kuma ban iya ce mata ba haka ba ne.

Yauri ta faɗi ne don nisa da babban asibiti dud da kifi da albasa da arahar da ke can, Abuja kuwa haya kaɗai ta kore ta. Zafi bai raba gardama ba don Birnin Kebbi da Argungu duk kanwar ja ce, watan Afrilu ya haura digiri 40 ko ina kake, maganinsa sola da fanka da bishiyar darbejiya a tsakar gida, kuma wanga kuɗin sola dole ya shiga lissafin garatuti tun yanzu. Na kuma sa wa Argungu alamar tambaya a kan ambaliya, don wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa shinkafar fadama a 2020 ba zai ce gona kaɗai ta ishe shi jingina ba. Ka ga irin waɗannan bayanai ba wani kamfani da zai san su daga nesa, sai wanda ya taka ƙasar da ƙafarsa. Bikin kamun kifi da UNESCO ta sa a jerinta a 2016 shi kaɗai ne abin da na waje ya sani game da garinmu, kwana huɗu ne a kogin Matan Fada a watse, sauran kwanakin shekara mu ke zaune da garin.

In an ce in ba kamfanin maki, taurari biyu cikin biyar zan bayar. Ɗaya don tambayoyin lafiya da sunka sa ni tunani, ɗaya don ladabin yarinyar da ta amsa min. Ukun da na hana, na tsoffin alƙaluma ne, da ɓoye mudun awo, da watsar da yankinmu a layi ɗaya. Wanda 'ya'yansa ke waje kuma fanshonsa da dala ko fam yake zuwa zai iya samun abin farawa a ciki, shi ma ya tabbatar da kowane sharaɗin biza daga ofishin jakadancin ƙasar kafin ya motsa, ya duba shekarar da anka tattara bayanin, ya tambayi wa ke biyan masu jerin. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya ko ɗan sanda mai jiran fansho da naira, ka riƙe dubu 25 ɗinka ka sayi siminti.

Mu dai mun tsaya a tsakiya tunda tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Za mu ci gaba da zama Birnin Kebbi har autanmu ya gama sakandare, ni kuma in riƙa kwana uku a Argungu lokacin noma, ginin can kuma na gaya wa magini ya soke benen, ɗakuna huɗu a ƙasa da ɗaki na tsohuwa kusa da ƙofa. Satin nan za a kawo yashi.